Bayan Tiyatar Ciwon Dunduniya: Yadda Za Ka Koma Taka Ƙafarka Daki-Daki

Duk wanda ciwon dunduniya ya kai ga tiyata, ya riga ya sha wuya. A cikin mutum goma masu wannan ciwo, wanda likitoci ke kira filanta fashiyaitis, kusan tara suna warkewa ba tare da wuƙa ta taɓa su ba, da miƙe jijiya da sauya takalmi da rage tsayuwa kawai. Likita ba ya kawo zancen tiyata sai an kwashe wata 6 zuwa 12 ana fama abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Shi ya sa mutum ke fitowa daga ɗakin tiyata yana ganin an gama. Ba a gama ba. Zafin yakan riga rauni tafiya, kuma a wannan tsakanin ne, sa'ad da ƙafa ta daina ƙorafi alhali ba ta yi ƙwari ba, mutane da yawa ke ɓata aikin da aka yi musu.

Jadawalin da ke nan na gama-gari ne. Inda ya saɓa da abin da likitan da ya yi maka aiki ya faɗa, bi nasa, don shi ya ga cikin ƙafar.

Mataki na 1: San abin da aka yanka

A ƙarƙashin tafin ƙafa akwai wata jijiya mai faɗi da kauri, ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu. Ƙasusuwan tafin ƙafa a lanƙwashe suke kamar baka, wannan jijiya kuwa ita ce tsirkiyar. Idan ka taka, nauyinka yana son ya baje bakan, ita ce ke riƙe shi. Idan ka ɗaga dunduniya za ka yi gaba, babban yatsa ya lanƙwashe, sai ta ƙara ɗamewa, tafin ƙafar ya yi tauri ya tura ka.

A tiyatar da aka fi yi, ana yanke wani sashe na jijiyar ta gefen ciki kusa da dunduniya, yawanci sulusi zuwa rabi, don a sassauta ɗamewar. Gurbin da aka yanka zai cike da naman tabo a hankali, jijiyar ta ɗan ƙara tsawo. Kafin hakan ya kammala, ɗan abin da aka bari shi kaɗai ke ɗauke da kai. Duk wata dokar da za ka ji nan gaba daga nan ta samo asali.

Ana yin aikin iri-iri. Akwai wanda ake buɗe fatar a gefen dunduniya, akwai wanda ake huda ƙananan ƙofofi a shigar da siririyar na'ura mai kyamara. Na biyun ya fi saurin warkewa a fata, amma jijiyar da aka yanka duk ɗaya ce. Wani kuma ba a taɓa tafin ƙafarsa sam, sai a ƙara wa tsokar sharaɓa tsawo, idan an gano taurinta ne ke jan agara har ya takura dunduniya. Wani lokacin a haɗa da sakin wata 'yar jijiyar ji da ta matse a ƙarƙashin dunduniya, wadda ake kira jijiyar Baxter.

Kada ka bar asibiti sai ka san wanne aka yi maka. Tambayi likita kai tsaye: an yarda in taka ƙasa, ko ko kaɗan ba a yarda ba? Idan an yarda, da nauyi nawa? Zan kwana da takalmin asibiti (takalmi mai tauri da ake sa wa ƙafar da aka yi wa aiki don ya kare ta) ko zan cire? Yaushe za a buɗe bandeji? Ina bukatar maganin hana gudan jini? A rubuta maka amsoshin, ko wanda ya rako ka ya rubuta, domin wanda bai gama wartsakewa daga allurar barci ba ba a dogara da ƙwaƙwalwarsa.

Mataki na 2: Kwana ukun farko

Aikinka a waɗannan kwanaki ɗaya ne: ƙafa a sama. Ɗora ta a kan kujera kana zaune bai wadatar ba. Kwanta, ka jera matasan kai biyu ko uku a ƙarƙashin sharaɓa har idon sawu ya fi ƙirjinka tudu, dunduniyar tana lilo ba ta danne komai ba. Sauka kawai don banɗaki. Da ka sauke ƙafar za ka ji jini ya zubo mata, ta hau zugi, yatsu su ɗan yi duhu. Wannan ba abin tsoro ba ne muddin ya lafa da ka mayar da ita sama.

Sau da yawa ana yin allurar kashe ƙafar lokacin aiki, kuma takan ɗauki awa 12 zuwa 24 kafin ta saki. A nan ake yaudaruwa. Mutum ya dawo gida ba ya jin komai, ya ce ai abin da sauƙi, ya ƙi shan magani, sai tsakar dare allurar ta saki gaba ɗaya. Sha maganin ciwon da aka rubuta maka tun ƙafar tana sage, kuma ka bi lokutansa a kwana biyun farko. Farasitamol kada ya wuce giram 4 a awa 24 ga babban mutum, kuma ka duba sauran magungunan da kake sha, domin wasu na mura da na ciwon jiki suna ɗauke da shi a ciki. Irin su ibufurofen sai da izinin likita, musamman ga mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai shan maganin tsinka jini. Magunguna masu ƙarfi kuwa suna sa jiri da taurin bayan gida, don haka ka yawaita shan ruwa, ka ajiye su da zarar ciwon ya sauko.

Ƙanƙara tana taimakawa: a naɗe ta a tawul, minti 15 zuwa 20, a kan idon sawu ko bayan gwiwa idan bandejin ya yi kauri. Kada ta taɓa fata kai tsaye, kada kuma ta jiƙa bandeji. Mai ciwon suga wanda jin ƙafarsa ya ragu ya tambayi likita tukuna, don sanyi yana iya ƙona shi bai sani ba.

Kana kwance, riƙa motsa yatsu, ka lanƙwasa gwiwa ka miƙe, ka ɗaga ƙafar gaba ɗaya sau da yawa a yini. Wannan ɗan motsin shi ke sa jini ya zaga.

Mataki na 3: Kula da ɗinki, da sanin lokacin komawa asibiti

Bandeji ya zauna a bushe. Wurin wanka, sa ƙafar a leda, ka ɗaure bakin a ƙasan gwiwa, ka zauna a kan kujerar roba, ƙafar a miƙe gefe nesa da ruwa. Kada ka yi wanka a tsaye da ƙafa ɗaya a kan tayil mai santsi. Idan ruwa ya shiga, kada ka jira ya bushe da kansa, a sauya bandejin a ranar. Kada ka shafa wa wurin mai ko wani magani da ba a ba ka ba.

Ana cire zare yawanci bayan kwana 10 zuwa 14, wani lokacin a kai sati uku idan yankan ya shiga fatar tafin ƙafa mai kauri. Jiƙa ƙafa a ruwa sai ciwon ya rufe sarai.

Abu biyu ne suka fi jinkirta haɗewar rauni: taba da suga. Taba tana tsuke ƙananan hanyoyin jini, ƙafa kuwa ita ce ƙarshen inda jini ke kaiwa. Suga idan ya hau yana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Mai shan taba ya ajiye ta aƙalla har ciwon ya rufe, mai suga ya riƙa aunawa fiye da yadda ya saba.

Ka koma asibiti a ranar, kada ka jira ranar da aka sa maka, idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi da ya kai digiri 38, ja ko zafi yana bazuwa daga bakin ciwon, mugunya ko wari, ciwo yana ƙaruwa bayan ya fara sauka, yatsu sun yi fari ko shuɗi sun yi sanyi kuma sassauta bandeji bai gyara ba, ko sharaɓa ta kumbura ta yi tauri tana ciwo. Wannan na ƙarshen yana iya zama gudan jini a jijiya. Idan numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji ya ɗauki ciwo, to mai yiwuwa gudan ya kai huhu, a garzaya sashen gaggawa nan take.

Mataki na 4: Fara taka ƙasa

Wanda aka yi wa aiki da kyamara yakan fara takawa cikin takalmin asibiti a kwanakin farko. Wanda aka buɗe wa fata yakan yi sati biyu zuwa uku a kan sandunan dogarawa kafin a ba shi izini. Likitoci sun bambanta a nan, kuma kowa da hujjarsa. Ni dai ina ganin jinkirin sati ɗaya bai taɓa cutar da kowa ba, gaggawar sati ɗaya kuwa tana iya jawo ciwon wata shida.

Sandunan a daidaita su da tsawonka: a bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin kan sanda da hammata, nauyi ya sauka a tafin hannu. Wanda ke rataye a kan hammata zai wayi gari hannu ya sage. A matakala, lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, sanduna da mai ciwo su biyo. Wajen sauka, sanduna da mai ciwo ne ke gaba. Idan kana shakka, zauna ka sauka da mazaunai, ba abin kunya ba ne.

Idan likita ya ce ka taka da rabin nauyi, ga yadda za ka gane rabin. Tsaya da sanduna, lafiyayyar ƙafa a kan wani abu mai tudu daidai da sikelin awon nauyi, ka ɗora mai ciwon a kan sikelin, ka danna a hankali har lambar ta kai rabin nauyinka. Maimaita har jikinka ya haddace wannan dannawar. Akasarin mutane suna mamakin yadda ɗan dannawa kaɗan ke kai lambar.

Takalmin asibiti yana da tudu, sai ya sa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Bayan kwana kaɗan ƙugu da baya su fara ciwo, mutum ya rasa daga ina. Sa wa ɗaya ƙafar takalmi mai kaurin ƙasa daidai da shi.

Ajiye sanduna ma daki-daki ne: biyu, sannan ɗaya a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa, sannan babu. Ma'aunin shi ne ɗingishi. Idan ba za ka iya tafiya ba ɗingishi ba, lokacin ajiye sanda bai yi ba. Mai ɗingishi yana karkata nauyi zuwa gefen ƙafa na waje don ya kauce wa wurin yanka, gefen wajen kuwa shi ne dama aka ƙara wa kaya tun ranar da aka sassauta jijiyar.

Ga dokar da za ta raka ka har ƙarshe: gobe da safe ce alƙali. Abin da ka ji lokacin da kake tafiya ba shi ne hukunci ba, domin ƙafa idan ta yi ɗumi tana ɓoye ciwo. Idan ka tashi washegari kumburi da zafi sun fi na jiya, ko ba su koma yadda suke ba cikin awa 24, ka wuce gona da iri. Koma adadin da ka yi kafin nan, ka tsaya a kai kwana biyu ko uku. Idan safiya ta yi daidai da ta jiya, ƙara kaɗan. Kuma abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda: ko nisa, ko sauri, ko tsawon tsayuwa.

Mataki na 5: Gashin ƙashi da atisaye

Nan ne aikin yake, nan ne kuma aka fi yin sakaci, saboda lokacin ciwo ya ragu, harkoki sun taru suna jira. Idan da hali, je wurin likitan gashin ƙashi ko da sau kaɗan ne, ya ga tafiyarka da idonsa. Sauran a gida za ka yi.

Da an ba ka izinin cire takalmin don motsa jiki, fara da idon sawu: sama da ƙasa, sannan zagaye, a hankali. Daga nan sai tawul. Zauna ƙafa a miƙe, ka zarga tawul a gaban tafin ƙafa, ka jawo har ka ji sharaɓa ta miƙe, ka riƙe daƙiƙa 30, sau uku. Ja za ka ji, ba suka ba. Idan ka ji suka a wurin yanka, sassauta.

Idan ka fara tsayuwa sosai, koma jikin bango. Dafa shi da hannu biyu, ƙafa mai ciwo a baya, dunduniya a ƙasa, yatsu suna kallon bango, ka karkata gaba. Yi da gwiwa a miƙe, sannan ka sake yi da gwiwa a ɗan lanƙwashe, domin tsoka biyu ce a sharaɓa kuma kowace da yadda ake kama ta. Taurin sharaɓa yana cikin manyan dalilan wannan ciwo tun asali, kuma yankan tafin ƙafa bai taɓa shi ba. Wanda aka ƙara wa sharaɓar tsawo kuwa kada ya fara wannan sai likitansa ya ce, don a can raunin nasa yake.

Sai ƙarfafawa. Ƙananan tsokokin cikin tafin ƙafa su za su karɓi wani kaso na aikin da jijiyar ta rage. Shimfiɗa tawul a ƙasa ka tattaro shi da yatsu. Gwada ɗaga babban yatsa kaɗai sauran suna ƙasa, sannan akasin haka. Da farko yatsun za su ƙi jin magana, har abin ya ba ka dariya, amma cikin 'yan makonni suna koyo. Bayan haka ɗaga dunduniya: a zaune tukuna, sannan a tsaye da ƙafa biyu kana dafe da tebur, can gaba da ƙafa ɗaya. Hau a hankali, sauko a hankali fiye da yadda ka hau. Ka haɗa da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya kusa da abin dafawa har ka kai daƙiƙa 30 ba tangaɗi.

Tabon ma yana son hannu. Bayan ya rufe sarai, ɓawon ya faɗi, sa ɗan man shafawa ka murza shi da babban yatsa, zagaye da kuma gicciye, minti biyar sau biyu a rana, don kada ya manne da naman da ke ƙasa. Wurin yana iya yin tsami ko ya sage na wasu watanni. Taɓa shi akai-akai shi ke sa ya saba.

Tsugunno a kan yatsu, tsalle, da hawa tsani suna ɗame jijiyar matuƙa. A bar su zuwa ƙarshe.

Mataki na 6: Takalmi, aiki da tuƙi

Yawanci tsakanin sati na 3 da na 6 ake barin takalmin asibiti. Kada ka yar da shi rana ɗaya. Fara da awa ɗaya ko biyu cikin takalmi na yau da kullum a gida, ka riƙa ƙarawa. Takalmin ya kasance mai igiya, bayansa da tauri, dunduniyarsa ta ɗan fi gaba tudu. Riƙe shi ka lanƙwasa: idan ya naɗe a tsakiya, ajiye shi. A gindin yatsu kaɗai ya kamata ya lanƙwashe. Shimfiɗar da ke tallafe kwarin tafin ƙafa tana da amfani a watannin farko. Tafiya ba takalmi a kan siminti ko tayil, da silifa shafal, a ɗage su wata biyu zuwa uku, har a cikin ɗaki. Ajiye takalmi a bakin gado, ka motsa idon sawu sau goma kafin ka sauko, don takun farko na safe ya same ka a shirye.

Mai aikin zama yana iya komawa cikin sati ɗaya zuwa biyu idan zai sami inda zai ɗora ƙafa. Mai aikin tsayuwa ko ɗaukar kaya ya sa ran sati 6 zuwa 12, kuma ya nemi a fara masa da rabin yini. Kumburin yamma yana iya ɗaukar watanni yana zuwa yana tafiya.

Tuƙi da takalmin asibiti a ƙafar da ke taka birki haramun ne a wurina, ko da kana jin za ka iya. Sai ka bar takalmin, ka bar magunguna masu sa barci, kuma ka gwada taka birki da ƙarfi mota tana tsaye ba ka ji ƙafar ta noƙe ba.

Mataki na 7: Gudu da wasanni

Keke na tsaye da iyo, bayan ciwo ya rufe, su ne farko. Gudu ba kasafai ake yarda da shi kafin wata uku ba, kuma kalanda kaɗai ba ta isa ba. Ka iya tafiyar minti 30 da sauri ba ciwo washegari, ka ɗaga dunduniya da ƙafa ɗaya sau 15 zuwa 20, ka yi ɗan tsalle a kanta ba suka. Sannan ka fara da gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, a ƙasa mai laushi, kana tsallake rana.

Idan ciwo ya ƙi tafiya

Cikakkiyar warkewa tana ɗaukar wata uku zuwa shida, wasu har shekara, kuma ba kowa ne ciwonsa ke gushewa ɗungurungum ba. Abin da ya fi amfani shi ne ka lura da inda ciwon yake da irinsa, domin kowanne da abin da yake nunawa.

Ciwo a gefen ƙafa na waje ko a bayanta, wajen tsakiya, alama ce nauyi ya koma can bayan sassauta jijiyar. An san wannan matsala sosai, kuma ta fi faruwa idan an yanka fiye da rabi. Maganinta na farko shi ne shimfiɗar takalmi da aka auna da ƙafarka, rage tafiya, wani lokacin komawa takalmin asibiti na ɗan lokaci. Ƙuna, ko jin kamar ana tsira allura, ko wani abu kamar lantarki yana harbawa zuwa yatsu, na jijiyar ji ne. Idan kuma ƙafar ta kai ko zanin gado ya taɓa ta sai ka zabura, launinta da ɗuminta suna sauyawa, tana gumi fiye da 'yar'uwarta, kada a jira, domin wannan nau'in ciwon jijiya ya fi jin magani idan an tare shi da wuri. Ciwo a tsakiyar ƙashi da ke ƙaruwa da kowane taku, ko wanda ke tashi idan an matse dunduniya ta gefe da gefe, yana bukatar hoto don a duba tsagewar ƙashi. Idan ka lura kwarin tafin ƙafar yana faɗawa idan aka gwada da ɗayar, a nuna wa likita.

Kafin ka je, rubuta na sati guda: awa nawa ka tsaya kowace rana, wane takalmi ka sa, ciwon ya kai nawa cikin goma da safe da kuma da yamma. Ka tafi da takalmin da ka fi sawa, domin inda ƙasansa ya cinye yana nuna wa likita yadda kake taka ƙafar.